Na ci kuɗin marayun yayana, ko aikin majami'a zai wanke ni?

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni magidanci ne mai shekara 54, dattijo a majami'armu a nan Kaduna. A 2014 yayana ya rasu yana bakin aiki. Da yake sunana ya rubuta a takardunsa tun kafin ya yi aure, ni aka danƙa wa kuɗin sallamarsa, naira miliyan uku da 'yan kai. Na ba matarsa miliyan ɗaya na ce mata iyakar abin da ya fito ke nan. Sauran na sayi fili, na soma ginin gidan da nake ciki yanzu. Ba wanda ya sani, har matata. Tun daga lokacin ban huta ba. Ina azumi Laraba da Jumma'a, na ninka zakka da baiko, ni na sayi rabin kujerun majami'armu, addu'ar asuba ba ta wuce ni. Wani lokaci nakan biya wa autar marigayin kuɗin makaranta, uwar ta yi ta sa mini albarka. Amma duk ranar Jibin Ubangiji hannuna rawa yake yi. Wani abokina da na yi wa zancen a kaikaice ya ce alheri ya riga ya shafe zunubin jiya da na yau da na gobe, tone-tone rashin bangaskiya ne. Wani mai wa'azi kuma ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Wanne zan kama? Aiki nawa zan yi Allah ya yafe mini? In na mutu yau, ina na nufa?

Ɗan'uwana, alheri da salama su tabbata a gare ka.

Shekara da shekaru kana kai biya inda ba a karɓar biya, ka bar inda ake binka. Allah bai taɓa sa wa gafararsa farashi ba, kai kuwa sai zuba masa azumi da kujeru kake yi. Matar yayanka da 'ya'yanta suna binka kuɗi na zahiri, masu adadi, waɗanda za a iya ƙirgawa a kan tabarma, su kuma ka hana su. Halinka ɗaya da na mutumin da ake binsa bashi a Kawo, kullum ya ɗauki kuɗi ya nufi Kakuri ya zube, ya dawo gida yana mamakin yadda bashin ya ƙi raguwa. Abokinka yana da gaskiya a wani wuri, mai wa'azin ma haka. Kai ne ka musanya musu mazauni: maganar ayyuka ka kai ta gaban Allah, maganar alheri kuma ka lulluɓe haƙƙin marayu da ita.

Tambayarka ta "aiki nawa" ba ta da adadi, kuma Yesu da kansa ya nuna dalili. A Matiyu 18 ya ba da misalin bawan da sarki yake binsa talanti dubu goma. Mukan karanta wannan adadin mu wuce, don ba kuɗinmu ba ne. Ka tsaya ka yi lissafi. Dinari guda shi ne ladan ƙwadago na yini ɗaya, kamar yadda Matiyu 20:2 ya nuna, talanti ɗaya kuma dinari 6,000 ne. Bashin bawan nan ya kama ladan yini miliyan 60. Ko da shi da jikokin jikokinsa za su yi ta noma ba hutun Lahadi, ba za su kai ko'ina ba. Duk da haka me ya ce wa sarki? Ya ce a yi masa haƙuri, zai biya duka. Wannan ita ce maganar da kake yi wa Allah kowace Laraba da Jumma'a. Sarkin kuwa bai ƙara masa wa'adi ba, bai yanka masa biya kashi-kashi ba. Tausayinsa ya ji, ya sake shi, ya yafe bashin ɗungurungum.

Manzo Bulus ya faɗi abin a fili a Romawa 4:4-5. Wanda ya yi aiki, abin da aka ba shi haƙƙinsa ne, ba wanda zai kira shi kyauta. Amma wanda bai dogara ga aikinsa ba, ya gaskata da Allah mai kuɓutar da marar ibada, bangaskiyarsa ake lasafta masa adalci. Ka lura da wanda aka ce ana kuɓutarwa: marar ibada. Ba a ce wanda ya fara gyara kansa ya kai rabi ba. A Afisawa 2:8-9 ya sake cewa ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, wannan kuwa baiwa ce ta Allah, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. A Galatiyawa 2:21 ma ya fi zafafawa, ya ce in da ana samun adalci ta wurin kiyaye Shari'a, ashe Almasihu ya mutu a banza. Saboda haka duk lokacin da ka ɗauki kujera ka sa a sikeli kana fatan ta rinjayi laifinka, cewa kake yi gicciye bai isa ba, sai ka cika da naka. Na san ba haka kake nufi ba. Amma ma'anar ke nan.

Dawuda ya san wannan. Bayan ya kwana da matar Uriya ya kuma sa aka kashe Uriya, sarki ne mai garken shanu da tumaki, da hadaya tana wanke irin wannan da ya yanka dubbai. Sai ga shi a Zabura 51 yana cewa Allah ba ya marmarin hadaya, da ya bayar. Hadayar da Allah ba ya rainawa ita ce karyayyar zuciya. A Zabura 32 kuma ya kwatanta irin ciwon da kake fama da shi: sa'ad da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace, hannun Allah ya yi masa nauyi dare da rana, har sai da ya furta laifinsa ya daina ɓoyewa.

Akwai wani mutum da ya bi hanyarka har ƙarshenta, don haka ba sai ka ƙarasa ta da ƙafarka ba. Martin Luther ya shiga gidan sufaye a Erfurt ta ƙasar Jamus a 1505, da tsoron hukunci cike da cikinsa. Ya yi azumi, ya yi tsaron dare, ya wahalar da jikinsa. Yakan shafe sa'o'i yana furta zunubansa a gaban babbansa Johann von Staupitz, ya fito ya tuna wani da ya manta ya koma. Duk wannan bai ba shi barci ba, har daga baya ya ce ya kai ga ƙin Allahn nan mai adalci da ke hukunta masu zunubi. Abin da ya kwance shi aya ɗaya ce, Romawa 1:17, inda aka ce mai adalci zai rayu ta wurin bangaskiya. A nan ya gane cewa adalcin da bishara take magana a kai kyauta ce da Allah yake suturta mai zunubi da ita. A 1517, da wani mai wa'azi Johann Tetzel ya zo yankinsu yana sayar da takardun sassauta horon zunubi, talakawa suna saye da tunanin sun sayi gafara, Luther ya rubuta batutuwa 95 na ƙalubale a Wittenberg. Mu 'yan majami'un bishara muna son wannan labari, muna ba da shi da alfahari. Amma ka yi mini haƙuri in ce kujerun nan naka takardar Tetzel ce, illa dai kai ka rubuta wa kanka ita.

Kada kuma ka ɗauka wannan gardamar Katolika da Furotesta ce, wadda sai ka zaɓi ɓangare kafin ka san matsayinka. Ta girme su duka. Tun farkon ƙarni na biyar wani malami mai suna Pelagius ya koyar cewa mutum yana da ikon kiyaye umarnin Allah da ƙoƙarin kansa. Wanda ya tsaya masa ɗan Afirka ne, Augustine, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yau, kuma taron Carthage na 418 ya yi watsi da koyarwar Pelagius. Taron Trent na Katolika, wanda aka yi don mayar wa su Luther martani, shi ma ya rubuta a 1547 cewa ba abin da yake zuwa kafin barata (wato Allah ya karɓi mai zunubi a matsayin mai adalci), ko bangaskiya ko ayyuka, da ya cancanci alherin baratar. Sannan ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg, Ikkilisiyar Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a sanarwa ɗaya: ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceton Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu, ya ba mu Ruhu Mai Tsarki wanda yake sabunta zuciya ya kuma kira mu ga ayyuka nagari. Methodist sun shiga a 2006, majami'un Reformed a 2017, shekarar da aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na LCCN, majami'ar Lutheran ta Najeriya, ya shugabanci ita wannan Tarayyar ta Lutheran. Har yanzu akwai saɓani a kan abubuwa da dama, kuma ba kowace majami'a ce ta amince da sanarwar ba. Amma a kan tambayarka, in ka je wurin fada na Katolika da faston ECWA da na COCIN da na Baptist, ba ɗayansu da zai ce maka kujera tana sayen gafara, ba kuma ɗayansu da zai ce ka riƙe kuɗin.

Yanzu ga abokinka. Da farko, a kaikaice ka yi masa zancen, don haka amsar da ya ba ka ta wata tambaya ce dabam. Da ka ce masa akwai gwauruwa da marayu da har yau ba su san an cuce su ba, ina zaton da ya ɗan yi jim. Gaskiya ne jinin Yesu ya isa ga kowane zunubi. Amma akwai wata irin koyarwa da ta yaɗu a zamanin nan, wadda ta mai da alheri bargon rufa, ta ce furta zunubi ma rashin bangaskiya ne. Bulus ya ji ƙanshin wannan tun yana raye. A Romawa 6:1-2 ya tambaya, mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita? Ya amsa da kansa: faufau. A Titus 2:11-12 ya ce alherin nan da ya kawo ceto shi ne kuma yake horar da mu mu ƙi rashin tsoron Allah. Mutumin da ya rubuta Afisawa 2:8-9 bai ajiye alƙalami a aya ta tara ba. Aya ta goma ta ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin ayyuka nagari, a 4:28 kuma ya ce ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukata.

Ga kuma abin da nake so ka duba da idon basira. Kai kana ɗaukar laifin a matsayin abin da ya faru a 2014 ya wuce. Ni ina ganin na safiyar yau. Kowace rana ka farka a gidan nan, kana riƙe da abin da ba naka ba. Kowane lokaci ka biya wa yarinyar nan kuɗin makaranta daga cikin dukiyar ubanta, uwar ta durƙusa ta sa maka albarka, kai kuma ka ce ba komai, ka sake yin ƙaryar sabuwa fil. Wannan ya fi kujerun damuna. Ka karɓi kuɗinta, ka kuma karɓi godiyarta. Tone-tonen da abokinka yake hana ka yana da ma'ana ga wanda ya tuba ya gyara, amma Shaiɗan yana ta dawo masa da tsohon zance. Naka ba tsoho ba ne, yana nan da ransa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi ya sa hannunka yake rawa, kuma ni ban ɗauki rawar nan a matsayin alamar an yashe ka ba. Wanda lamirinsa ya mutu yana karɓar gurasar nan hannunsa ko gezau.

Mai wa'azin kuma Yakubu 2 ya karanta muku, kuma daidai ya karanta. Mutane sun daɗe suna haɗa Bulus da Yakubu faɗa. Shi kansa Luther, a gabatarwarsa ta Sabon Alkawari ta 1522, ya kira wasiƙar Yakubu ta ciyawa in an gwada ta da sauran, kuma a ganina a nan ya yi gaggawa. Su biyun da mutane dabam-dabam suke magana. Bulus yana fama da masu cewa sai an yi wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, kaciya sun kiyaye Shari'ar Musa kafin su sami ceto, rigimar da ta kai ga taron Urushalima na Ayyukan Manzanni 15, wajen shekara ta 49. A wannan taron Bitrus ya ce ta wurin alherin Ubangiji Yesu aka cece mu, kuma Yakubu ne ya yanke shawarar kada a ɗora wa al'ummai wannan kaya. Shi kuma a wasiƙarsa yana fama da masu bangaskiyar fatar baki, waɗanda za su ga ɗan'uwa tsirara da yunwa su ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba su ba shi komai ba. Dukansu biyu sun kafa hujja da aya ɗaya, Farawa 15:6, inda Ibrahim ya gaskata Allah aka lasafta masa adalci. Bulus ya tsaya a daren da aka lasafta masa, tun bai yi kaciya ba. Yakubu ya bi shi shekaru masu yawa gaba, zuwa Farawa 22, ranar da ya ɗora Ishaku a kan bagade, ya ce a nan aka ga cikar wancan nassi. Bulus yana faɗin yadda Allah yake karɓar mutum, Yakubu yana faɗin yadda ake gane bangaskiyar da aka karɓe shi da ita tana numfashi. Luther ma, a gabatarwarsa ga Romawa, ya ce bangaskiya abu ce mai rai mai kuzari, ba ta tsayawa tambayar ko za a yi aikin kirki, kafin a tambaya ta riga ta yi.

Sai dai ka duba irin ayyukan da Yakubu yake nufi, don a nan ka kauce. Bai ambaci azumi ko kayan majami'a ba. A 1:27 ya ce addini tsarkakakke a gaban Allah shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. A 5:4 ya ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuwa ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Annabi Ishaya ya riga shi: a sura ta ɗaya Allah ya ce ya gaji da hadayu da taruka, a wanke hannu, a bi wa maraya haƙƙinsa, a tsaya wa gwauruwa, a sura ta 58 ya ce azumin da ya zaɓa shi ne a kwance sarƙar mugunta. Kai ka zaɓi ayyukan da za a gani a yabe ka, waɗanda ba za su taɓa gidan ba, ba za su taɓa sunanka ba. Aikin nan guda ɗaya da bangaskiya take nema a wurinka shi ne wanda kake kewaye shi tun 2014.

Nassi bai bar wannan a duhu ba. Littafin Firistoci 6 ya yi maganar mutumin da aka ba shi ajiya ya ci amana ya yi ƙarya a kai: zai mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi, sa'an nan ya kawo hadayarsa. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24 in kana miƙa baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a gaban bagade, ka je ku shirya tukuna. Augustine ɗin nan, gwarzon koyarwar alheri, shi ne ya rubuta wa wani hakimi mai suna Macedonius cewa wanda yake da halin mayar da abin wani bai mayar ba, ba tuba yake yi ba, kwaikwayon tuba yake yi. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka suke jan kunne a kan haƙƙin wani da dukiyar maraya, har yaro ƙarami a unguwa ya san nauyin maganar. Abin kunya ne a ce mu da muke wa'azin alheri mu ne za mu same shi da sauƙi.

Labarin da ya fi dacewa da kai na Luka 19 ne. Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, ya yi arziki da guminsu. Ka bi abin daki-daki. Yesu ne ya fara ɗaga kai ya kira shi da sunansa, ya ce yau a gidanka zan sauka. A lokacin bai mayar da ko anini ba, jama'a ma gunaguni suka yi ta yi. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya yanka masa wannan farashi. Mutumin da ya sami abin da ya fi kuɗi ne hannunsa ya saki. Wani zai kawo maka ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda aka yi masa alkawarin Firdausi bai mayar da komai ba. Haka ne, kuma wannan ya isa shaida cewa mayarwa ba ita take ceto ba. Amma shi hannuwansa a kafe suke da ƙusa, sa'o'i kaɗan suka rage masa. Kai hannuwanka a sake suke, ga kuma gida tsaye.

In ka mutu yau fa? Ni ba alƙali ba ne, ba a ba ni littafin rai in duba ba. Abin da aka ba ni in faɗa shi ne wannan. In daren nan ka durƙusa kamar mai karɓar harajin nan na Luka 18, wanda ya kasa ɗaga ido sama ya ce Allah ya ji ƙansa shi mai zunubi, ka kira laifin da sunansa, ka jingina ga Almasihu kaɗai, to a daren nan an karɓe ka, tun naira ɗaya ba ta bar hannunka ba. Yesu ya ce mutumin nan ya koma gida baratacce, ya kuma ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana. Amma ba zan yaudare ka ba: wanda yake cewa a gafarta masa alhali ya ƙudura a ransa zai ci gaba da riƙe abin, bai zo ba tukuna. Kai ka san wanne ne kai a cikin biyun, kuma kwanakin da ke tafe za su nuna maka in kana shakka.

Ga yadda nake ganin za ka bi. Tun kafin ka kwanta, ka ɗauki takarda ka rubuta gaskiyar: nawa aka biya, nawa ka bayar, nawa ka riƙe, me ka yi da su. Ka sa hannu da kwanan wata. In rai ya yi halinsa kafin ka gama, kada maganar ta bi ka kabari marayu su yi asara sau biyu. Sai ka gaya wa matarka. Za ta girgiza, wataƙila ta yi fushi, wataƙila ma ta ce a rufa asiri saboda yara. Ka saurare ta da haƙuri, gidan nan ita ma ta zuba ƙarfinta a ciki, kuma ba ita ta yi laifin ba. Amma shawarar da za ku yi ta yadda za a biya ce. Ko za a biya, wannan an riga an gama.

Daga nan ka sami fastonka shi kaɗai, ko wani dattijo guda mai riƙe sirri. Kada ka miƙe ranar Lahadi ka yi shaida a gaban jama'a matar nan tana zaune ta ji a bainar mutane. Wannan zai sauke maka nauyi ne ya ɗora mata. Ita ya kamata ta fara ji, a gidanta, da fasto da wani nata na jini da ta amince da shi, da manyan 'ya'yan in sun kai hankali. Ka faɗi abin ba kwana-kwana. Kada ka ce kuskure aka samu, kada ka ce ajiye musu ka yi. Sunanka da ke takardar bai mai da kuɗin naka ba, amana aka danƙa maka.

Maganar adadi tana bukatar gaskiya ita ma. A 2014 dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1,500. In ka miƙa mata miliyan biyu na yau ka ce kun rabu, ka sake cutarta da lissafi. Kuɗin fili suka zama, filin kuma yana nan, ya yi daraja. A samu wanda ya san farashin gidaje a unguwar ya kimanta, a ware abin da kuɗinsu ya saya da abin da ka ƙara da guminka. Ko ka biya su kimar rabonsu a hankali bisa yarjejeniya a rubuce, ko a sa sunan yaran a takardar gidan, ko in ta kama a sayar a raba. Ku sa lauya ya rubuta, don kada bayan ranka 'ya'yanka da nasu su gaji rigima. Kuɗin makarantar da ka biya a baya, in su suka ce a cire, to. Kai dai kada ka fara kawo shi. Ninkin da kake yi wa baiko kuwa ka dakatar, ka karkatar da shi can. Majami'a ba za ta rushe ba.

Kujerar dattijo ka miƙa ta ga fasto da majalisa su yanke. Mai yiwuwa su ce ka sauka na wani lokaci, mai yiwuwa su sa ka ƙarƙashin horo. In sun yi haka kada ka yi zuciya ka koma wata majami'a inda ba a san ka ba, kamar yadda ake yi yanzu. Jibin Ubangiji ma ka bar shi a hannunsu. Teburin na masu zunubi ne da suka tuba, kuma ina sa rai za ka komo gare shi. Azumi in kana so ka ci gaba, amma ka canza abin da kake roƙo: ka roƙi ƙarfin halin buɗe baki, da kuma Allah ya riƙe zuciyar matar nan ranar da za ta ji.

Kada ka je da tsammanin za ta yafe maka nan take. Shekarun da ta yi tana ƙulle-ƙullen kuɗin haya da na makaranta, wataƙila wani yaron ya bar karatu saboda rashin abin da ke hannunka, ba za su goge da zama ɗaya ba. Tana iya yin kuka, tana iya korarka, danginta suna iya cewa sai an je kotu, kuma suna da wannan 'yancin. Kada ka bari kowa, ko fasto ne, ya karanta mata ayar gafara a wannan zama don a rufe maganar da wuri. In ta ce ba ta son ganinka, ka bar ta, ka riƙa aika biyan ta hannun faston a ranar da aka sa, ana ba ka shaidar karɓa. In an yi zaman, ka sake rubuto mini yadda aka tsayar da maganar gidan.